Takardar Korata, Daga Anka Zuwa Agadas

A Ƙonni, bakin iyakar Nijar, na koyi yadda ake yin ƙarya da takarda. Kafin nan ƙaryar baki kawai na sani, ita ma ban ƙware ba, don fuskata tana tona ni.

Na sauka tashar garin da hantsi, da buhun kayana da wata baƙar leda ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. Takardu biyu ne a ledar. Ɗaya shaidar makarantar yaƙi da jahilci ce, wadda na shiga ina da shekara talatin da huɗu, bayan na binne ɗana a Sunke lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗauke mana yara. Ɗayar kuwa takardar kora ce daga asibitin da na yi wa aiki a Anka, a ɗakin yaran da dalmar ta kama. Ni ke wanke su, ni ke riƙe su in jijjiga ta taso, ni ke bin uwaye su ba da magani kan lokaci. Duk duniya babu wata takarda da ta ce Kulu ta taɓa aikin asibiti sai wannan. Samanta ya ce na yi aiki shekara uku. Tsakiyarta ta ce an kore ni don na karya hannun mijin wata. A ƙasa ga shuɗin hatimi da sa hannu.

Kuma gaskiya ne, na karya shi. Mutumin ya zo ne zai ɗauke 'yarsa Saratu tana tsakiyar magani, wai matarsa ta daɗe ba ta gida, babu mai tuƙa masa tuwo, babu mai daka masa dutsen zinariya. Dutsen da ya kwantar da yarinyar, shi yake so a koma a ci gaba da dakawa a tsakar gida. Matar ta roƙe shi ya bari a cika kwanakin. Ya kwaɗa mata mari ta faɗa kan gado, ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannun yarinyar, jini ya biyo. Ƙarfen da ake rataye ledar ruwan yana kusa da ni. Ban yi shawara da kowa ba. Bugu biyu na yi masa, a na biyun na ji ƙashi ya amsa.

Wata takwas na yi ina yawo da takardar nan a ƙasarmu. A Gummi wani mai kemis ya karanta, ya miƙo mini ita da yatsu biyu kamar tsumman jinya. A Bukkuyum ko kwance ledar ban yi ba. Malamin asibitin ya ce ai ya san ni, ni ce Kulu mai ƙarfe, ya ja kujerarsa baya, masu jiran layi suka kwashe da dariya. Ga Inna ta tsufa, ga ɗiyata Maryama ta tasa, ga 'yan bindiga sun fara shiga ƙauyuka, noma na neman gagara. Sai aka ce an samu zinariya cikin hamadar Nijar, mutane na tururuwa, ƙananan asibitocin kuɗi na neman hannu. Aka kuma ce can ba sa karanta Ingilishi.

To, a bakin tashar Ƙonni akwai wani mai hoton takardu, ɗan Sakkwato, da injinsa da ɗan janareta a ƙarƙashin rumfa. Na ba shi takarduna ya yi mini kwafi don kada na asali su lalace. Da ya karanta ta korar, sai ya ɗago ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Baiwar Allah, da wagga kike neman aiki?"

Na ce ita gare ni.

Ya naɗe takardar daga tsakiya, ya tura labarin karayar ciki, hatimin ya hau ya zauna daidai ƙarƙashin shekara ukun. Ya danna a inji. Inda naɗin ya bar ɗan siririn layi, ya shafa farin ruwan goge rubutu, ya hura, ya sake dannawa. Takarda ta fito fes. Ya ce kullum yana yi wa maza haka, direbobin da suka kifar da mota da masu gadin da aka kama suna barci, amma ni ce mace ta farko. Ya ce in ɓoye uwar, wato ta asalin, in riƙa nuna ɗiyar, wato kwafin.

Na tsaya cikin rana ina bin ta da yatsa, sau uku. Tun da na iya karatu nake ganin duk abin da aka buga aka sa wa hatimi ya zauna ke nan har abada. Ga shi da ɗan naɗi ɗaya abin da na yi da hannuna ya ɓace. Ban ji daɗi ba, amma ban mayar masa ba.

A Tawa ɗiyar ta yi aiki. Wani mai ɗan asibiti, Mushe Illa, kamar yadda suke cewa malam da Faransanci, ya dubi hatimin, ya tambaye ni abin da ya raba ni da wancan wuri. Na ce aikin ne ya ƙare. Shi dai hankalinsa na kan damtsena, don mai iya ɗaga majinyaci yake nema. Wata huɗu na yi masa. Ban taɓa makara ba, ban taɓa ɗaga murya ba. Mai dafa abincin gidan takan ajiye mini kwaɗon zogale don ta lura tuwonsu ba ya shiga mini. Ni kuwa shinkafar fadamar Gummi nake mafarki, da kifin gulbi da aka soya da yaji, da yadda Inna ke kiran sunana tana jan ƙarshensa. Duk motar da ta tsaya ƙofar asibitin da lambar Najeriya sai in shige ciki in ɓuya.

Ranar da abin ya zo, da rana tsaka ya zo. Motar masu haƙar zinariya ta kife a bayan gari, aka kwaso su jina-jina. Ina wanke wa wani tsagar da ke goshinsa, sai ya buɗe ido ɗaya ya ƙura mini.

"Kulu? Kulu mai ƙarfe? Ashe nan kinka ɓuya."

Ɗan ƙasar Anka ne. Ba da mugunta ya yi ba, murnar ganin na gida ce ta kama shi. Ya yi ta dariya jini na bin haƙoransa, yana roƙon Mushe Illa ya taimaka ya kawar da ƙarfen ruwan nan daga kusa da ni kafin in ƙarasa shi. Abokansa suka tambaya, ya ba su labari kaf, har da ƙarin gishiri.

Mushe Illa ya kira ni ofis. Ya ɗaga kwafin a hasken taga ya daɗe yana kallo, har ya gano inuwar layin. Ya ce in kawo ta asali. Na kwance leda na ba shi. Ya kira wani ɗan kasuwa cikin masu jinya ya karanta masa da ƙarfi, ƙofa a buɗe. Da aka gama ya ce karayar hannun ba ta dame shi kamar naɗin ba. Wadda ta naɗe takarda, in ji shi, za ta naɗe labarin majinyacin da ya mutu a hannunta. Ya ce wa maigadi ya fitar da ni.

Da maigadin ya ce in fita, da na fita. Amma ɗankwalina ya kama ya haɗa da gashi ya ja, ya zuba mini dorina a gadon baya a gaban maza. Na juya na sa masa kai a hanci. Na ji ya fashe. Wasu biyu suka taru suka kayar da ni, suka yi ta shuri a haƙarƙari har na daina motsi, aka watso kayana kan titi. Mai dafa abincin ce ta fito ta tattara mini su, ta ɗaura mini nata ɗankwalin. Haka na tashi da kora biyu, ta biyun ko takarda babu.

Da hankali ne da kudu na nufa. Na kira Inna a waya. Ta ce kada in dawo yanzu, an kore shanun maƙwabta, an harbi mutum biyu a hanyar gona, ita da Maryama sun koma gidan ƙanenta a Anka. Ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau. Na kashe wayar na nemi motar Agadas.

Babbar mota ce, muna zaune kan buhunan gero. Kusa da ni wani mai tallan agogo ne daga Maraɗi, siriri, mai yawan magana. Ya ga yadda nake riƙe haƙarƙari, bai tambaya ba, ya gyara mini buhu ya ba ni dabino. Ya yi ta nuna mini agogunansa yana cewa duk wanda ya samu zinariya agogo yake fara saye, don ya san lokacin da za a sace ta.

Mun wuce Abalak, rana na tsakiyar ka, sai ga wata ƙaramar mota ta fito daga bayan tudu da mutane huɗu cikin rawani. Harbi ɗaya suka yi wa taya. Aka sauko da mu, aka kwantar da maza rub-da-ciki kan yashi mai zafi, ana bin su da gindin bindiga. Mai agogo ya yi jinkirin sakin jakarsa, yana ta magana, yana son ya yi ciniki kamar a kasuwa. Suka harbe shi a ciki. Ƙarar ba ta ma kai yadda na zata ba.

Da aka zo kan mata, ɗaya ya laluba ƙuguna ya ji leda. Ya ja, na riƙe. Har yau ban san dalilin da ya sa na riƙe ba, takardar da ba ta jawo mini komai ba sai wulaƙanci. Ya juya bindiga ya sauke mini gindinta a fuska. Haƙori ɗaya ya fita, ido ya rufe. Ya yage ledar, ya ga babu komai sai takardu, ya zage ni da wani harshe ya watsar. Da rarrafe na bi su ina tsinta, jini na ɗiga a kai.

Bayan sun tafi na koma wurin mai agogo. Wannan kam na iya. Na ɗora kansa a cinyata, na danne raunin da ɗankwalin da aka ba ni a Tawa, ina jiƙa masa leɓe. Ya daina magana kafin la'asar. Maza suka tona yashi da ƙarfen taya suka rufe shi a gefen hanya. Ban san sunansa ba, babu wanda ya sani cikin motar.

A tashar Agadas na zauna jikin bango da fuska kamar ƙwarya. Na nemi ruwa wurin wata mai fura. Kalma uku na yi, ta ajiye ludayi ta ce ni 'yar Zamfara ce. Sunanta Daso, Bafillatana daga Gwashi ta ƙasar Bukkuyum. An kashe mijinta an kore shanunsu. Wasu sun ce ɓarayi ne, wasu sun ce 'yan banga, ita dai gawa ta gani. Ta kai ni ɗakinta, ta gasa mini fuska da ruwan zafi ina ihu tana zagina da Fillanci, ta dama mini fura mai ruwa-ruwa don ba na iya tauna. Kwana goma ina kwance kan tabarmarta. Muka yi ta lissafa rumfunan kasuwar Gummi ɗaya bayan ɗaya, muna gardamar wace mai ƙosai ta fi.

Na ba ta labarin karayar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaya hannun dama ne ko na hagu, da na ce na dama ta ce Allah ya yi mini albarka. Ita ta gaya mini akwai wata tsohuwar ungozomar gwamnati, Madam Zali, da ta buɗe gidan haihuwa, tana neman mace mai ƙarfin baya.

"Ki kai mata takardar mai tsabta, Kaɗo. Nan wa ya san ki?"

Na ce a Tawa ma babu wanda ya san ni.

"To ki kai mai dattin, ki dawo mu sai da hura. Amma ke ko damu ba ki iya ba."

Duka biyun na ɗauka. Har na isa ƙofar gidan ban yanke ba.

Madam Zali gajeruwa ce, ta manyanta, tana zaune bayan tebur tana ɓare goro. Ta dubi fuskata ta tambaya wa ya yi mini haka. Na ce hanya. Ta gyaɗa kai kamar na ce zazzaɓi. Ta ce takarda.

Na sa hannu a sabuwar ledar da na ɗaure su ciki. Kwafin santsi gare shi. Ta asalin kuwa ga karin naɗi a tsakiya, ga yashi, ga busasshen jini. Ita na ciro, don na gaji da faɗuwar gaba duk lokacin da mota ta tsaya. Madam ta juya ta sama da ƙasa ta ce ita ba ta jin Ingilishi, in karanta mata in juya da Hausa.

Mu biyu ne a ɗakin. Duk abin da na ga dama zan iya cewa takardar ta ce. Na ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko yadda malamarmu ta koya mana, na fara bi. Na karanta shekara ukun, ta gyaɗa kai. Na tsaya.

"Da saura," in ji ta.

Na karanta sauran. Daga nan na shiga jawabin da na saba, wanda na yi wa mai kemis na yi wa Daso: ya mari matarsa, ya fizge allura, ga jinin yarinya, wa zai tsaya kallo. Na haɗa da na Tawa, naɗin da hancin maigadi, don kada ta ji a bakin wani. Ta bar ni na gama tsaf tana tauna goronta.

"Yarinyar fa?"

Na ce 'yan'uwan mutumin sun zo a ranar sun ɗauke ta. Ba ta cika sati biyu ba ta rasu.

"Sauran mazan garin nasu, mi sunka yi da sunka ji?"

Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Masu korata ba su rubuta ba, su hannun kawai suka sani. Daso ban gaya mata ba, Inna ma ban gaya mata ba. Sannan na ce labari ya isa ƙauyen cewa a asibitin nan mata ke dukan maza. Kafin sati ya zagayo, magidanta huɗu suka zo suka kwashe matansu da 'ya'yansu, duk suna tsakiyar magani. Ma'aikata suka yi wata da watanni suna bin gari suna ba da haƙuri. Yara biyu aka dawo da su. Na ukun na ji yana nan da rai, amma ba ya magana ba ya tafiya. Na huɗun ban san inda ya ƙare ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Ban yi kuka ba. Idon da ya kumbura ne kawai ya riƙa zubar da ruwa.

Madam ta ce a gidanta ma suna zuwa. Mace na zubar da jini, miji zai zo ya ce ta tashi su tafi, uwarsa ta ce a gida ake haihuwa. Ta ce in gaya mata abin da zan yi ranar da na ga haka. Amsar da ake so na san ta, tana bakina. Amma na riga na karanta tsakiyar takarda, ban ga amfanin in naɗe bakina ba.

"Hannuna zai so, Madam. Ba ni rantse miki cewa kullum ina iya riƙe shi. Abin da na sani yanzu, in na buga, ba kanshi bugun ke sauka ba."

Ta tofar da goro a gwangwani. Ta ce ba za ta sa ni ɗakin mata ba. Wanki zan yi a bayan gida, wata uku, zannuwan gado da tsummokaran haihuwa. Ba zan leƙo gaba ba muddin akwai namiji. In na ji ihu, in zauna kan wankina ko da rufin gidan ake cirewa. Na ce na ji. Sai ta ƙwala wa ma'aikatanta biyu kira, suka shigo suna goge hannu, ta ce in faɗa musu da bakina abin da ya sa aka kore ni a Anka da Tawa, har da yaran, don kada su tsinta a tasha. Wannan ya fi gindin bindiga zafi. Na faɗa. Ɗaya ta matsa baya. Ɗayar ta nuna mini inda ake ajiye sabulu.

A kwana na tara ina bakin baho da hantsi, na ji muryar namiji daga gaba. Ba sai an fassara mini ba. Na ji an ture kujera, na ji mace na nishi tana ba da haƙuri, na ji wani abu kamar tafi wanda na san ba tafi ba ne. Na miƙe tsaye. Taɓaryar da muke tura wanki cikin tukunya tana jingine da bango, taku biyu daga inda nake. Na dube ta. Na koma na tsuguna, na kama zanen gadon da ke cikin baho na fara matsa. Na matsa ruwa ya ƙare, na ci gaba da murɗawa, haƙorana a cije, har na ji ya kece a hannuna.

Muryar Madam ce ta biyo baya, ƙasa-ƙasa, ba ta hawa ba ta sauka. Ta daɗe. Na ji an jawo kujerar da aka ture, na ji ƙarar kofin shayi. Muryar mutumin ta yi ta raguwa har na daina jin ta. Wajen azahar jariri ya yi kuka.

Sai bayan nan Madam ta zagayo bayan gida, rigarta duk jini. Ta dubi taɓarya a inda take, ta dube ni, ta ɗaga zanen ta leƙa ni ta cikin kecewar.

"Sabo ne wanga," in ji ta. "Akwai zare da allura a ofis. In kin gama, ki wanke hannu ki zo ki riƙa mini uwar, za mu canza mata shimfiɗa. Mijin ya tahi sayen rago."